Gumin gilashin kyamara a La Digue: na gano bakin zaren

'Yan uwa masu koyon hoto, yau dai na samu fitowar rana a gaɓar tekun Grand Anse da ke tsibirin La Digue a Seychelles, gilashi tas, ba hazo ko ɗigo. Alhamdu lillahi. Asuba uku a jere na yi asara kafin wannan, abin ya ci min rai matuƙa, shi ya sa nake so in baje muku shi dalla-dalla.

Mu da muka koyi hoto a Arewa, ƙura muka sani. Hunturu ya koya mana rufe jaka da hure gilashi, amma bai koya mana laima ba. A nan kuwa ita ce abokiyar gaba. Ka fito da kyamara daga ɗaki mai esi, ka buɗe murfi, kafin ka ɗaga ta gilashin ya yi fari fat, kamar yadda tabarau ke yi wa wanda ya sauko daga mota mai sanyi a Legas da damina. Ka goge, ya dawo. Ka sake gogewa, ya sake dawowa, ka bar zane a banza.

Ga lissafin. Kowace iska tana da ma'aunin da in abu ya fi shi sanyi, raɓa za ta kwanta masa. Ana kintatarsa cikin sauƙi: a cire laimar iska daga 100, a raba biyar, a cire sakamakon daga zafin iska. Da rana in zafi 30 ne, laima kashi 80, to 20 raba biyar huɗu ke nan, ma'aunin raɓa 26. Kyamarar da ta kwana a ɗaki mai digiri 20 ta gaza da digiri shida, dole ta yi gumi.

Maganin da kowa ke faɗa shi ne leda mai zif: ka rufe kyamara a ciki tun kana ɗaki, ka fita da ita, raɓar ta kwanta a bayan leda har kyamarar ta ɗumama. Da rana yana aiki, minti 20 zuwa 30 ya isa ƙaramin gilashi. Da asuba kuwa ya ƙi, kuma sai da na zauna da ɗan ma'aunin laima na gane dalili. Kafin rana ta fito na auna zafi 26, laima kashi 90. Ma'aunin raɓa 24 ke nan, digiri biyu kacal ƙasa da iskar kanta. Wato iskar da kake jira ta ɗumama maka kyamara ba ta da wani zafin da za ta ba ta. Daga 20 zuwa 22 ana hawa da sauri, amma ragowar sai jan ƙafa, ga shi babu rana da za ta taimaka. Babban zum, wato gilashi mai jawo nesa kusa, irin mai milimita 70-200, mai tulin gilasai da gangar ƙarfe, ya wuce awa guda bai ɗumama ba. Tsibiran nan kuma digiri huɗu da ɗoriya suke kudu da layin da ya raba duniya, rana na tasowa ne a tsaye. Jan hasken nan da ake so bai daɗewa, kafin gilashi ya washe ya wuce.

Kuskure na biyu shi ne jakar baya. Soson da ke kare kyamara daga bugu shi ne dai ke tsare mata sanyi, kamar kular ƙanƙara. An tuƙa keke an haura tudu an gangara zuwa bakin teku, ana zaton ta ɗumama a hanya, ashe tana nan yadda ta kwana.

Na uku shi ya ci kuɗi. Gilashi na cikin gumi, kada a murɗa zum, kada a cire shi a canza wani. Zum mai miƙewa famfo ne, yana zuƙar iskar waje ya kai ta ciki, raɓar ta kwanta a gilasan tsakiya inda tsumma ba ya kaiwa. Haka ya faru da zum ɗina mai milimita 24-105. Ya bushe ya bar tabo zagaye, wanda ke fitowa duk lokacin da na fuskanci haske. Kuɗin da aka yanka min na buɗewa da wankewa ya doshi rabin abin da na saye shi na hannu. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe: kyamara ta daina kwana cikin sanyi, shi ke nan. Na samo robar ajiye abinci mai murfin da ke kamewa gam, mai cin lita tara, na zuba silika, ƙwayoyin nan masu tsotse laima, giram 200 a tsohuwar safa, na jefa ma'aunin laima ciki. Robar tana kwana a banɗaki, ƙofa rufe, inda esi ba ya kaiwa. Banɗaki gidan laima ne, shi ya sa murfin dole ya kame, kuma ba a buɗe ta bayan wanka. Da asuba kyamarar tana wajen digiri 27, laimar cikin robar kashi 45. Na buɗe a bakin ruwa, ko alamar gumi. Jakar ma a can take kwana, don soson da ya sha sanyi zai mayar da kai baya. Wanda zai iya barci da esi a 27 ya huta da duk wannan.

In an riga an makara, a sa gilashin cikin leda a cusa shi ƙarƙashin riga a jikin fata. Ɗumin jiki ya fi iskar asuba saurin aiki nesa ba kusa ba.

A sayi silika mai canza launi. Mai ruwan lemo tana komawa kore in ta ƙoshi, mai shuɗi tana komawa ruwan hoda. Tawa ta juya cikin kwana huɗu saboda yawan buɗewa. Ana farfaɗo da ita a oba, digiri 120, awa ɗaya zuwa biyu. Ƙananan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin takalmi ba su isa komai ba.

Gishiri kuma nasa daban. Grand Anse igiyar ruwanta na da ƙarfi, feshinta na tafiya cikin iska ko kana nesa. A fara hurewa saboda yashi, sannan tsumma mai ɗan danshin ruwan sha, sannan busasshe. Busasshen tsumma a kan gishiri karce ne.

Na so in yi maganar filta mai kashe ƙyallin ruwa a duwatsun gaɓar tekun Anse Source d'Argent, wadda ke fuskantar yamma, don haka aikin la'asar ce. Amma in zum na kan milimita 24, sararin sama na fito min rabi duhu rabi haske, ban gama daidaita shi ba. Gobe zan gwada daga 35 zuwa sama. In na koma gida kuma, kowane gilashi sai na haska shi da tocila ta baya in nemi zaren funfuna, musamman wanda raɓa ta riga ta shiga.