Lakar tabkin da na kwaso na zuba a garkata

Har yau in na bi ta gefen fangali shidan nan da ke kwance ba shuka, sai raina ya ɓaci, don da kuɗina na sayo wa kaina wannan asarar.

Garkarmu tana bakin Gulbin Maradi. A ƙasanta akwai ɗan tabki inda shekara da shekaru kowa ke wanke famfon feshi, ya wurga kwalbar magani ya yi gaba. Da kifi ya fara tasowa a mace, sai mu tara masu garka muka haɗa kuɗi mu gyara shi kafin damina. Zuƙe ruwan da inji da tsince kwalabe kwana biyu kawai suka ɗauka.

Sai laka ta fito, baƙa wuluk, mai laushi. Duk manomi ya san darajar lakar tabki. Ni na ce a bar mini ita. Amalanke goma sha ɗaya na biya aka kai, na baza a fangalin salati da zogale, ina ganin na fi kowa dabara.

Bayan mako guda malamin gona ya zo, dattijo ne. Ya zazzage buhun kwalaben da muka tara, ya goge wata da bakin rigarsa ya karanta: endosulfan, wani maganin ƙwari. Ya ce, "Ina lakar?" Na nuna masa. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗana, ruwa kuka kwashe, amma dafin a ƙasa yake kwance. Irin wannan magani ba ya narkewa sosai cikin ruwa, laka yake kamawa ya zauna."

Na ce, "Malam, ai ta sha rana ta bushe."

Ya ce bushewa ba ta kashe shi. Ƙasashen CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, sun hana shi tun 2007, a 2011 kuma aka sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm, wadda ta tattara guba masu daɗewa irin su DDT da dieldrin da aka taɓa fesa wa fara. Ya tuna mini cewa gulbin nan daga wajen Katsina yake fitowa, ya bi Jibiya, ya ratsa Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya faɗa Rima, daga can sai Kwara, sai teku. Mu da ba mu da gaɓar teku, abin da muka zubar yana da hanyar zuwa can.

Daren nan na kasa barci, na yi ta karatu a waya. A Minamata ta Japan, inda aka gano cutar dafin sinadarin makuri a 1956, lakar gindin teku suka yi ta yashewa daga 1977 har 1990, suka killace ta suka rufe da ƙasa, sai 1997 aka ce kifin wurin ya ciwu. Su lakar suka ɗauka a matsayin gubar. Ni kuwa amalanke na yi haya na kai ta inda nake shuka abin da yarana ke ci ɗanye.

Na kankare saman fangalin kamar taƙi guda, muka kai tudu nesa da rijiyoyi, muka shimfiɗa leda mai kauri, muka rufe muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Jika tamanin da biyar aikin ya ci mini, ban da salatin shekarar da na tuge da hannuna. Amalanke goma sha ɗaya aka shigo da ita, ashirin da uku aka fitar.

In za ku gyara tabkin da aka taɓa wanke kayan feshi a ciki, ku kira malamin gona ya ga kwalaben kafin a taɓa lakar, ko da kamu ɗaya. Kwalbar da ta ƙare kuma a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin famfon, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko nono.

Buhunan kwalabenmu guda huɗu suna kulle a mangaza. Sau uku na je neman wanda zai karɓe su, ana ce mini in dawo.