Ni da Keken Lantarki a Hawan Jos

Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai na jingine babur na sayi keken lantarki. Kayan miya nake sarowa a kasuwar Farin Gada in kai wa masu abinci cikin gari, kuɗin fetur kuwa ya soma lashe ribar. Mai shagon ya nuna mini rubutun ƙarfin injin da ke cikin cibiyar tayar baya, wat 350, ya ce ai a Turai ma doka ta tsaida irin wannan keke a wat 250. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai tambaye ni ba shi ne wace hanya zan riƙa bi, kuma me zan ɗora.

Jos kuwa gari ne a kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku. Da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da hawa ba.

A miƙaƙƙiyar hanya keken ba shi da laifi, gudu yake yi shiru kamar iska. Ranar da na ɗaura buhun albasa na nufi hawan da ke shiga unguwarmu, a nan na san halinsa. Na murɗa totur har ƙarshe, ƙafafuna a kan feda ban taka ba. Tun kafin rabin hawan gudu ya soma raguwa, injin ya koma gurnani, can sai wuta ta ɗauke. Na sauka na kai hannu kan cibiyar tayar, na janye da sauri don zafi, ga wani ɗan ƙaurin roba yana tashi. Tura shi na yi har gida.

Washegari na je wurin wani dattijo mai naɗin wayar injinan lantarki, da niyyar ya samo mini injin wat 1,000. Ya ɗauko biro ya yi lissafi a bayan kwali. Ni kilo 75, keke 30, buhu 25, jimla 130. Hanyar da ke tashi mita 10 cikin kowace mita 100, in za a hau ta da gudun kilomita 12 a awa, ɗaga nauyin kaɗai zai ci sama da wat 400. Batir ɗina bolt 36 ne, akwatin da ke raba wuta kuma amfiya 15 yake saki, wato in aka ninka bolt da amfiya, wat 540 ne iyakar abin da ke shiga injin.

Na ce, "To Baba, ai 540 ta fi 400."

Ya ce, "Ɗana, wadda ta shiga daban, wadda ta kai ƙasa daban."

Nan ne na daɗe ina saurare. Injin da ke cikin taya, juyawarsa a ɗaure take da juyawar tayar. In hawa ya rage maka gudu, shi ma dole ya rage juyi, kuma injin lantarki in yana juyi a hankali totur na buɗe, wuta yake zuƙa sosai amma kaso mai yawa zafi take zama a cikin naɗin tagullar. Ga batir kuma, in caji ya yi ƙasa aka matsa masa, bolt ɗinsa sai ya faɗi har akwatin ya yanke wuta don kare shi. Ranar da abin ya same ni, cajin bai kai rabi ba.

Da wannan bayani na yi wata huɗu ban canza komai ba sai hannuna. Ina shiga hawa da guduna, in sauke giya tun daga ƙasa, in taka feda da gaske. Ƙafar mutum na iya ƙara wat 100 ko fiye, kuma wannan ɗan ƙarin shi ke hana injin faɗawa cikin juyin da ke ƙona shi. Babban kaya kuwa sai da safe, lokacin da batir ke cike.

Daga baya na yi odar injin kamfanin Bafang irin wanda ake ɗaurawa a gindin feda. Shi ma wat 350 ne, batir ɗin nan dai na da. Bambancin kawai shi ne ƙarfinsa ta kaca yake bi, don haka giyar keken tana yi masa aiki kamar yadda take yi wa ƙafa. Na sa babbar giyar baya, injin na juyi da sauri, keken na tafiya a hankali, na haye da buhu biyu. A saman hawan na taɓa shi, ɗumi kawai.

Yana da nasa kuɗin. Kaca da haƙoran giya suna cinyewa da wuri, kuma in ka canza giya totur na buɗe, za ka ji wata ƙara kamar an karya ƙashi. Sau ɗaya kaca ta tsinke mini a hanyar Bauchi. Yanzu sai na sassauta hannu kafin in canza, kuma kullum akwai mahaɗin kaca guda biyu a aljihuna. Gangara ma na koyi girmama ta, domin wannan injin ba ya riƙe keke in ana sauka, birki ne kaɗai ke ɗauke da kilo 155. Duk ranar Asabar nakan duba robar birkin kafin in fita kasuwa.