Fassara kalmomin Ingilishi zuwa Sifaniyanci: fara tambayar inda mai koyo ya nufa

Ina shirya wa masu koyon Sifaniyanci jerin kalmomin yau da kullum daga Ingilishi: abinci, kasuwa, abin hawa, kayan gida. Tun a shafin abin hawa na ga cewa dole in riƙa tambayar kowa ƙasar da ya dosa.

Mota a Sifen "coche" ce, a Kolombiya "carro", a Ajantina "auto". Bas ta fi rikitarwa. A Meziko "camión" ake ce mata, alhali a Sifen wannan babbar motar kaya ce. A Kyuba da tsibiran Kanari sunanta "guagua", amma ka faɗi haka a Chile, jariri ka ambata. Shi ya sa na raba jerin gida biyu, na Sifen da na Latin Amurka, ina rubuta sunan ƙasa duk inda aka saɓa. Ƙamusun Real Academia Española, cibiyar da aka kafa a 1713, kyauta ne a intanet, kuma yakan nuna inda ake amfani da kalma. Akwai guda da nake ja wa jan layi: "coger". A Madrid ɗauka ce kawai, ko hawa mota, a Meziko da Ajantina kuwa batsa ce. "Tomar", wadda ita ma ɗauka ce, nake ba kowa a madadinta, don ba ta jawo wa mutum abin kunya ko'ina.

Wurin jinsi, Bahaushe ya fi Baturen Ingila sa'a. Mun saba da cewa yawancin sunaye masu ƙarewa da "a" mata ne, haka ma abin yake a can: "la casa" (gida), "la mesa" (tebur). Kuma kamar yadda gida da ruwa suka fita zakka a Hausa, su ma suna da "el día" (rana) da "el problema" (matsala), waɗanda maza ne. Ba na rubuta suna tsirara, sai da "el" na namiji ko "la" na mace a gabansa, a haddace su tare.

Masu kama da Ingilishi su ne tarkon. "Embarazada" mai juna biyu ce, ba mai jin kunya ("embarrassed") ba. "Éxito" nasara ce, ba ƙofar fita ("exit") ba. "Librería" kantin littattafai ne, ba ɗakin karatu ("library") ba. Ɗalibai kan yi murna idan na nuna musu "alcalde", wato magajin gari, wanda asalinsa ɗaya da alƙalinmu, wato Larabci, ya shiga Sifaniyanci a zamanin Andalus.

"To be" kam na daina sa ta a jeri, tunda Sifaniyanci ya raba ta biyu, "ser" da "estar". Jimloli nake bayarwa. "Es aburrido" na nufin mutum ne mai gundurar mutane, "está aburrido" kuma shi ne ya gundura.