Ranar da na ja Kawu zuwa bakin teku

Shekara 11 ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Zariya, ina zana teku a allo da alli, amma ban taɓa tsoma ƙafa a cikinsa ba sai hutun da ya wuce. Motar dare na hau zuwa Ikko, muka iso da hantsi ƙafafuna duk sun kumbura. Na sauka wurin Kawu a Agege, wanda ya fi shekara 30 yana harkar albasa a kasuwar Mile 12.

Da na ce masa teku nake son gani, sai ya dube ni shekeke.

"Malam, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ni tun da na ga abin da ya faru da mutanen Indunusiya a talabijin, ko gadar Third Mainland zan hau sai na yi ta salati."

Da ƙyar na shawo kansa. Ranar Lahadi muka bi danfo zuwa CMS, muka shiga kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay. Aka ba mu rigar hana nutsewa, Kawu ya ɗaure tasa a kan babbar riga har da ƙulli biyu. Muka ratsa gefen jiragen dakon kaya masu nufar Apapa, kowanne ya fi ginin makarantarmu tsayi.

Mun kai kamar awa biyu zaune a yashi sai Kawu ya miƙe zumbur. Ruwan da ɗazu yake lasar wani dutse ya ja da baya, ya bar jiƙaƙƙen yashi.

"Tashi mu tafi! Haka aka ce ya yi a can kafin ya dawo ya cinye su."

Ban yi dariya ba, domin rabin maganarsa gaskiya ce. Ranar 26 ga Disamba 2004, a wurare da dama teku ya janye da sauri har kifi na tsalle a fili, mutane suka bi don kallo, sannan igiyar ta iso. Girgizar ƙasa ce mai ƙarfin maki 9.1 a ƙarƙashin teku kusa da Sumatra, ta halaka mutum wajen 230,000 a ƙasashe 14, har Somaliya ta taɓa bayan sa'o'i kusan 7. Amma namu janyewar ta yau da kullum ce, wadda jan wata ke haddasawa, sannu a hankali, sau biyu a yini.

Na nemo fasasshen ƙoƙon kwakwa na haɗa ɓallayensa a kan yashi, kamar yadda nake yi wa ɗalibai da sakaina. Ɓawon duniya haka yake, ɓalli-ɓalli, kuma suna motsi. Inda wani ɓalli ke kutsawa ƙarƙashin wani, kamar a Indunusiya da Japan, sukan maƙale shekaru aru-aru, ranar da suka suɓuce sai ƙasan teku ta ɗaga ta tunkuɗo duk ruwan da ke kanta. A tsakiyar teku igiyar takan yi gudun kilomita 800 a awa, kamar jirgin sama, masu jirgin ruwa ma ba sa lura da ita, sai ta iso gaɓa take tashi tsaye. Haka ta yi wa Japan ranar 11 ga Maris 2011.

"To mu fa?"

Na ce masa mu a tsakiyar ɓallin Afirka muke zaune. Tsagar da ta fi kusa da mu tana can tsakiyar Tekun Atlantika, kuma rabuwa ɓallayen suke yi a wurin, santimita kaɗan a shekara, kamar tsiron farce. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce Barazil manne take da wannan gaɓar. Nan Kawu ya ce in bar wannan zancen, Allah ne masani. Na bari.

Ba wai yankinmu bai taɓa motsi ba ne. Akara ta sha girgiza a 1939, Ijebu-Ode ta ji tata a 1984, mutanen Mpape a Abuja sun firgita a 2018. Gabas da mu kuma akwai jerin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga cikin teku, ta Sao Tome da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru. A kan wannan jerin Tafkin Nyos yake, wanda ya fesa iska mai shaƙe numfashi a Agusta 1986 ta kashe mutum kusan 1,700 a dare ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa yana gabanmu, hayin mashigin da jirage ke bi zuwa tashar Apapa. Dogayen shingayen duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka jera a farkon ƙarnin da ya wuce don kare hanyar jirage sun tare yashin da ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas. Ɓangaren da muke ya tara yashi, gaɓar Bar Beach da ke hayi kuma ta yi ta zaizayewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello Way. Yanzu a wurin aka cike teku da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic, da doguwar katangar dutse. Babu girgizar da ta ci wannan gaɓar. Aikin hannun mutum ne, da ruwan da ba ya gajiya.

Kawu ya daɗe yana kallon dogayen benayen. Ya ce ya tuna lokacin da 'yan Arewa ke yawo da dawakai a Bar Beach suna ɗora yara ana ɗaukar hoto.

"Wato inda dawakan nan suke tsayawa, ruwa ya ci, sannan masu kuɗi suka ƙwace daga hannun ruwa?"

Na ce kusan haka ne.

Kafin la'asar ruwan ya fara dawowa, ya sake rufe dutsen nan. Kawu ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga iya idon sawu, rigar hana nutsewar da ya ƙi mayar wa mai kwalekwale tana ɗaure a ƙirjinsa. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce gishirin ya yi yawa.