Yadda Gyaran Ontoloji Ya Ɓatar Mana da Sanƙarau

Aikin da aka ɗora mini a wani ƙaramin asibiti da ke Jidda, wanda galibin masu zuwa cikinsa Hausawa ne, mazauna da alhazai, shi ne in haɗa ontolojin cututtukan da ma'aikatan wurin suka gina (wato tsarin da ke jera cututtuka rukuni-rukuni tare da ƙa'idojin dangantakarsu) da SNOMED CT, babban kundin ma'anonin likitanci na ƙasa da ƙasa, domin bayanan da ake turo mana daga wasu asibitoci su riƙa karantuwa tare da namu. Namu ƙarami ne, an zana shi bisa babukan ICD-10, jerin rabe-raben cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, shi kuwa SNOMED ya haura ma'anoni 300,000. Fitar da mahaɗai tsakaninsu, wato layukan da ke nuna wace ma'ana tamu ce ta yi daidai da wace ta SNOMED, bai ba ni wahala ba. Sai da na kunna ELK, manhajar da ke gwada daidaituwar ƙa'idoji, a cikin Protégé, manhajar gina ontoloji, sannan rukunai da dama suka koma ja, suka taru ƙarƙashin owl:Nothing, ma'ana babu majinyacin da zai iya shiga cikinsu ba tare da ƙa'idoji sun ci karo ba.

Manhajar da ta fitar da mahaɗan tana da sashen gyara, na kuwa sa shi aiki. Jan rubutu ya ɓace ƙaf, kowa ya yi murna.

Ana gab da fara jigilar alhazai, shugabar ma'aikatan jinya ta nemi jerin duk wanda aka taɓa samu da sanƙarau. Ba cuta ce da ake wasa da ita a nan ba, domin tun bayan ɓarkewar nau'in W135 a aikin Hajjin 2000 da na 2001 Saudiyya ke wajabta wa mahajjata allurar rigakafin sanƙarau ta ACWY. Jerin da na miƙa mata na cikin gida ne kaɗai, babu ko mutum ɗaya daga waje. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, takardun da aka turo mana ni na karɓa da hannuna, to ina suka shiga?" Na ce, "Hajiya, ki ba ni lokaci in bi sawu."

Na mayar da tsofaffin mahaɗan, na nemi Protégé ta bayyana dalilin jan rubutun. Layuka kaɗan ne suka fito. A wurinmu sanƙarau yana ƙarƙashin cututtuka masu yaɗuwa. A SNOMED yana da iyaye fiye da ɗaya, wato yana ƙarƙashin rukunai da dama, cikinsu har da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma haka ne a likitance. Sai layi na ƙarshe, wanda har yau yake ɓata mini rai: wani ya taɓa rubuta a ontolojinmu cewa waɗannan rukunai biyu ba sa taɓa haɗuwa. Daga tsarin ICD-10 ya ɗauko wannan tunani, inda ake ajiye kowace cuta a babi ɗaya saboda kada a ƙirga ta sau biyu, alhali ita kanta ICD-10 ta ba wannan sanƙarau lamba A39.0 a babin farko, ta kuma yi masa nuni da G01 a babin jijiyoyi.

Sashen gyaran bai taɓa wannan layi ba, kuma ba zai taɓa ba, domin an gina shi a kan zaton cewa ontoloji biyun duk daidai suke, mahaɗai ne kaɗai ake tuhuma. Idan ya ga karo sai ya yanke mahaɗin da makinsa ya fi ƙanƙanta. Makin kuwa yawanci kamannin sunaye yake aunawa. Haka ya yanke mahaɗin sanƙarau, wanda yake sahihi, ya bar ƙa'idar da ta haddasa rikicin tana zaune daram. Da na duba sauran abin da ya cire sai na tarar da tarin fuka da ciwon hanta na ƙwayar cuta sun bi hanya ɗaya, tunda su ma masu yaɗuwa ne kuma suna da gaɓar da suke kamawa.

Share layin bai ɗauki minti ɗaya ba, amma sai da na zauna da likita ya amince tukuna, domin hukuncin nasa ne. Tun daga nan ba na karɓar sakamakon gyara sai na karanta jerin mahaɗan da aka cire ɗaya bayan ɗaya, kuma idan rukunai da yawa suka yi ja nakan nemi ƙa'idar da ke maimaituwa a bayanan dalilansu kafin in taɓa komai. Ɓacewar jan rubutu ma ba ta isa shaida ba: an taɓa samun SNOMED kansa yana ɗaukar yanke yatsa a matsayin nau'in yanke hannu, ba tare da wani rukuni ya yi ja ba. Shi ya sa na tanadi tambayoyin da Hajiya ta riga ta san amsarsu, nake gwada su bayan kowane canji.

Sauran ƙa'idojin raba rukunai suna hannun likita yana bin su. Ya bar wadda ta raba ciwon suga nau'i na 1 da na 2, ya soke duk waɗanda aka kwafo daga iyakokin babi.