Aikin kodin da na kasa fahimtar da Inna

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa na samu aikin kodin, shiru ta yi har na ɗauka layin ne ya katse. Can sai ta ce, "Innalillahi. Kodin kuma? Wanda ya haukata 'ya'yan mutane har gwamnati ta hana?" Ita dai a Kano kodin ɗaya ta sani, maganin tarin nan da aka haramta a 2018. Na yi dariya har da ƙwalla, na ce Inna ba na kwalba ba ne, na lambobi ne. Ta ce to Allah ya rufa asiri. Har yau idan ƙawayenta suka tambaye ta, cewa take ina asibiti a Amurka, ba ta ƙara komai a kai.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya da ungozoma a wani babban asibitin gwamnati kafin takardun da maigidana ya cika mini su fito. Na sauka a Bronx, a birnin New York, cikin sanyin ƙarshen shekara, da takalmin da ko harmatan ɗin Jos ba zai tare ba. Abin da ya fara kwantar mini da hankali Hausa ce. A wani kantin kayan abinci na ji wata mata tana waya tana cewa "ya zo jiya, ya haifi namiji." Na tsaya ina mamakin wane namiji ne ya haihu, sai daga baya na gane Hausar zangon Ghana ce, inda mace ma "ya" ake ce mata. Waɗannan matan na Kumasi da Nima su suka nuna mini inda ake sayar da daddawa da kuka, su suka koya mini hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma su suka fara gaya mini gaskiya: "Anti, nas ɗinki na gida ne. Nan sai an sake."

Haka kuwa yake. A Amurka kowace jiha ita ke ba da lasisin jinya, kuma sai ka ci jarrabawar NCLEX. Kafin ma a bar ka ka zauna, sai an tantance karatunka, kuma takardun ba ta hannunka za su bi ba, dole makarantar da ka yi ta aiko su da kanta. Nan aka yi ta jan ƙafa. Yau mai sa hannu ya tafi taro, gobe an ce fayil ɗin yana ɗakin da aka ɓatar da makullinsa. Ƙanena ya yi zarya har ya gaji. Haya kuma ba ta jira, don haka na yi kwas ɗin mai kula da marasa lafiya a gida, awa 75, na kama aiki wajen wata tsohuwa.

Ba zan ce aikin ƙasƙanci ba ne, domin wanke mara lafiya da juya shi su ne tushen jinya ko'ina. Amma akwai zafi a ce wadda take karɓar haihuwa uku a dare ɗaya, wani lokacin da fitilar waya a baki, yanzu ba ta da izinin yin allura. Wata safiya tsohuwar ta zame a banɗaki, na tare ta da jikina, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Daga ranar tsayuwar minti ashirin ta zama aiki. Ko da takarduna sun iso, na san dutin awa goma sha biyu a tsaye ya fi ƙarfin bayana.

Wata nas 'yar Filifin da ke zuwa duba tsohuwar ce ta ga ɗan littafin da nake rubuta awon jini da abin da ta ci da yadda ta kwana. Ta juya shafukan, ta dube ni, ta ce ke nas ce ko? Ita ta fara ambata mini sana'ar kodin, wato mayar da rubutun likita lambobi, ta ce ba a neman lasisin jinya, kuma wanda ya san jikin mutum ya riga ya ci rabin tafiya.

Ga yadda abin yake. A gida mara lafiya ya biya kuɗin kati, ya biya gwaji, ya sayo magani, a ƙarshen wata mu ƙirga rajista mu tura adadi. A nan galibi inshora ce ke biya, ko kamfani ko shirin gwamnati kamar Medicare na masu shekara 65 zuwa sama da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. Su kuma ba sa karanta labarin likita, lamba suke karantawa. Don haka duk abin da likita ya rubuta sai wani ya zauna ya mayar da shi lambobi. Cututtuka suna cikin ICD-10-CM, wanda aka gina kan kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015, yana da lambobi wajen 70,000. Abin da likita ya yi da hannunsa yana cikin CPT na ƙungiyar likitocin Amurka, lambobi biyar-biyar. Kayan aiki da wasu allurai da keken guragu suna cikin HCPCS. Hawan jini I10 ne. Ciwon suga nau'i na biyu da bai taɓa komai ba E11.9. Akwai lambar wanda kaza ta tsattsage shi, W61.33XA, akwai ta wanda saniya ta tunkuya. Akwai ma Z63.1, matsala da surukai. Da na nuna wa maigida wannan, ya ce ashe Bature ma ya san ciwo ne.

Lambar da ta tsaya mini a rai ita ce 59400. Awon ciki tun daga farko, naƙuda, haihuwa, da duba mai jego bayan nan, duka a lamba ɗaya. Na daɗe ina kallonta. Na tuna ƙarar takalman dangin mai naƙuda a baranda, da warin Izal, da kakar da ke leƙowa ta taga tana cewa "Sista, ya ake ciki?" Duk an naɗe su cikin alƙaluma biyar.

Na ɗauka ilimina zai sa in wuce kowa a ajin intanet ɗin da na shiga, kuma a fannin sassan jiki da kalmomin likitanci haka aka yi. Masu fitowa daga aikin kanti suna haddar sunayen ƙasusuwa, ni ina shan shayi. Inda na sha ƙasa shi ne inda ban zata ba. An ba mu fayil na gwaji: mace bayan tiyata, jininta ya sauka zuwa 7, an ƙara mata leda biyu. Nan take na sa lambar ƙarancin jini. Malamar ta soke. Ta ce a ina likita ya rubuta? Na ce ai ga sakamakon gwaji, ga ƙarin jini, ko ɗalibar shekarar farko ta san me ke nan. Ta ce ke kin sani, amma ba ki da hurumin faɗa. Abin da likita bai rubuta ba, a wajenmu bai faru ba.

Wannan ya yi mini wuya fiye da duk haddar da na yi. An horar da nas ta riga likita gani. Sau nawa na kalli kumburin ƙafa da ciwon kan mai ciki na sa aka kawo magnesium kafin likita ya iso, don na ga jijjiga tana tafe? Yanzu an ce in gani in yi shiru, iyakata in aika wa likita tambaya a rubuce, kuma ko tambayar ba a yarda in saka masa amsa a baki ba. Sai dai in jera masa abin da na gani a fayil in ce ko akwai cutar da wannan ke nunawa. Haka kuma a ɓangaren marasa lafiyar da ba a kwantar ba, in likita ya rubuta "mai yiwuwa maleriya ce", ba a sa lambar maleriya, zazzaɓin da ya kawo shi za a sa. Da farko na ɗauka tsabar son takarda ne irin na Turawa. Daga baya na sauko, domin kowace lamba kuɗi ce, kuma lambar da ta fi abin da aka rubuta nauyi zamba ce a idon doka, tana iya jawo wa asibiti tara mai yawa. Ga shi kuma cutar da ka liƙa wa mutum tana bin sa a fayil shekara da shekaru. Duk da haka, har gobe idan na ga abu ƙuru-ƙuru likita ya manta, sai na ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Takardar shaidar da na nema ita ce CPC ta AAPC, wata ƙungiyar masu aikin kodin. Akwai kuma CCS ta wata ƙungiyar, AHIMA, wadda masu aikin marasa lafiyar da aka kwantar suka fi nema. Jarrabawar CPC tambaya 100 ce cikin awa 4, ana son maki 70 cikin ɗari, kuma da littattafan lambobin nan uku kake shiga. Jin an ce a buɗe littafi ya sa na raina ta. Kuskure. Minti biyu da 'yan daƙiƙu ne kowace tambaya, wata kuma rahoton tiyata ce mai rabin shafi. Na tsaya jayayya da wata tambayar zuciya kamar a gaban majinyaci nake, na ɗago kai lokaci ya tafi, na faɗi. A zama na biyu na koyi dabara: bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, ina sa agogo ina yin tambayoyi ashirin. Na cika gefen shafuka da rubutun hannu, wanda an yarda da shi muddin ba ka manna wata takarda ba, kuma rabin rubutun da Hausa na yi. A gefen ɗinkin rauni na rubuta "haɗa tsawon in iri ɗaya ne, wuri ɗaya." Mai sa ido ta bincika littafin, ta ga rubutun, ta ɗaga kafaɗa ta miƙo mini. A akwatin tafiya mai taya na ja littattafan zuwa zauren, don bayana ba zai ɗauka ba.

Na ci, amma da wutsiya. Sabon shiga CPC-A ake rubuta masa, wato ɗan koyo, kuma harafin ba ya fita sai ka nuna ƙwarewar aiki, galibi shekara biyu, ko ka rage ta da wasu darussan aikace. Masu ɗaukar aiki kuma mai ƙwarewa suke so. Ni dai duk mai tallar kwas a Facebook da ke cewa wata uku kina aiki daga ɗakinki, ina ce wa matanmu su riƙe kuɗinsu su ƙara tambaya. Wata bakwai ina aika takarda. A ƙarshe ta ƙofar baya na shiga: ofishin lissafin wani ƙaramin asibitin mata, ina kiran kamfanonin inshora ina tambayar dalilin da ya sa suka ƙi biya. A nan na koyi abin da littafi bai koya mini ba, kuma da gurbin kodin ya samu aka ce ga ungozoma a kusa.

Yanzu kwana uku a mako a gida nake aiki, da allon kwamfuta biyu a kusurwar ɗakin kwana. Ana ƙirga fayil nawa na gama a awa, ana ɗibar wasu a bincika, inda nake ba a son ka sauka ƙasa da 95 cikin ɗari. Kowace Oktoba lambobin cututtuka su canza, kowace Janairu na CPT su canza, ga awannin ƙarin ilimi 36 duk shekara biyu don kada takardar ta mutu. Bayana ya huta, ina raka yara makaranta, ba na kwanan asibiti. Amma akwai ranar da zan wuni ban yi magana da babban mutum ba sai maigida ya dawo, kuma ba wanda ya sake kira na Sista sai matan unguwa da ke kawo mini takardar gwajinsu in fassara musu.

Su ɗin ma akwai iyaka. Dokar sirrin mara lafiya ta 1996, HIPAA, ba wasa ba ce a nan, kuma Bronx ɗinmu ƙaramin gari ne in ana maganar masu jin Hausa. Wata rana na buɗe fayil na ga suna da na sani sarai. Ban kai layi na biyu ba na rufe, na rubuta wa shugabata cewa na san mai wannan, a ba wani. Amma asibitin mata ne, sunan kaɗai ya isa ya gaya mini wani abu. Inna takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na bar shi a nan, ko maigida bai ji ba.

Bayan wasu watanni aka kira mu suna. Na yi ɗinki, na sayi atamfa da sabulu, na je. Mai jegon ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, kin ga yadda na ɓoye muku, ko ke nas ba ki gane ba." Na ce wallahi kin iya ɓoyo. Aka miƙo mini jaririyar, kafin in ankara yatsana ya riga ya ɗaga rigarta ina duba cibiya.