Turancin da na tafi da shi daban, wanda na dawo da shi daban

Kafin na tafi Ingila wallahi gani nake na gama da Turanci, na ci 7 a jarrabawar IELTS wadda ƙarshen makinta 9 ne, kuma ina iya cika shafi biyu ban buɗe ƙamus ba. Kwana uku da saukata na je tashar St Pancras a Landan zan yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Leicester, na faɗi sunan garin yadda na ga an rubuta shi, matar da ke sayar da tikitin ta ce in maimaita, na maimaita har sau uku, sai da na rubuta mata a takarda sannan ta ce "oh, Lesta". Ashe kusan rabin haruffan ba a furta su. Abin ya tsaya min a rai sosai, don na sha ganin sunan nan a rubuce amma kunnena bai taɓa jin sa ba.

Haka maƙwabcina, kullum da safe sai ya ce min "you alright?" ni kuma in tsaya ina masa bayanin lafiyata ƙalau, daga baya na gane gaisuwa ce kawai, kai ma ka mayar masa ka wuce.

Amma wanda ya fi ba ni wuya wani abokin aikina ne ɗan Glasgow, sati biyu ina gyaɗa masa kai alhali rabin maganarsa ba na kamawa, kunya ce ta hana ni tambaya, kuma ta cuce ni don sau biyu ina yin aikin da ba shi ya sa ni ba. Ranar da na daure na ce don Allah ya ɗan rage gudu ko a jikinsa, har ya riƙa gyara min furuci. Daga nan duk kalmar da ta wuce ni sai in rubuta a waya, da dare in nemo ta, washegari in yi amfani da ita ko da zan yi kuskure.

Tafiyar kaɗai fa ba ta koyarwa. Na ga waɗanda suka shekara biyu a can ba sa zama sai da masu yarensu, Turancinsu na nan inda yake.

A wata na huɗu hitar ɗakina ta lalace cikin tsananin sanyi, na kira mai gidan a waya, ita kuwa waya ba fuska ba nuni da hannu, muka yi minti goma har da gardama kan ranar da mai gyara zai zo. Sai da na kashe wayar na lura ban fassara ko jimla ɗaya a kaina ba.